Tsohuwar A52 ko sabuwar waya a kwali? Ina neman shawara kafin Asabar

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan waya. Tawa ta gaji, shekararta huɗu a hannuna, yanzu ko azahar ba ta kaiwa sai na mayar da ita caji, kyamarar ma ta dushe. Waɗanda suka san ni sun san da hoto nake cin abinci: atamfa da leshi da mayafai nake ɗorawa a sitatus, mai so ta gani ta yi magana. Makon jiya wata baiwar Allah ta dawo min da leshi yadi biyar, ta ce ita ruwan hanta ta gani a hoto, sai ga ja an kai mata. Kuma gaskiyarta ce, da na duba hoton ni ma ruwan hanta na gani. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kada a ɗauka da gangan nake yi.

Na kwashi adashi, ina da naira dubu 170. Ƙanina ya ce wani abokinsa yana da Samsung A52 hannu na biyu, wai 'yar Landan ce, ya sa mata 185 amma ana iya tayawa. Maigidana kuma ya ce ba ruwana da tsohuwar waya, in sayi sabuwa a kwali ko da ƙarama ce. Ranar Asabar nake so in shiga Farm Centre, kasuwar waya ta Kano. Me kuka gani?

Abban Khalil: Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar maigida ita ce magana. A52 a farkon 2021 ta fito, ki lissafa shekarun. Ba ki san hannu nawa ta bi ba, ba ki san sau nawa ta faɗi ba. Da kuɗin nan za ki samu sabuwar Tecno ko Infinix ko Redmi, batir 5000, cajarta a ciki, garantin shekara guda, in ta ba da matsala a san inda za a kai ta. Kuɗin adashi ba na gwaji ba ne. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Anti Mai Turare: Ni ma ina bayan Abban Khalil. Kwanciyar hankali ta fi komai.

Injiniya: Salamu alaikum. Na ga an fara yanke hukunci, bari in sa baki tunda wannan ita ce sana'ata, shekara goma sha ɗaya ina kwance waya ina ɗaurawa.

Hajiya, da kin ce kira da WhatsApp kawai kike so, da ni ma na ce ki bi maganar Abban Khalil ki huta. Amma ke kala kike sayarwa. Nan ne maganar ta canza.

Wayoyin nan aji-aji ne. A wajen Samsung, masu A0 da A1 su ne na ƙasa, masu A5 su ne na tsakiya, masu S su ne manya. Kuɗin da ke hannunki, in sabuwa ce, a ajin ƙasa zai tsaya. Ita kuwa A52 a lokacinta 'yar tsakiya ce mai ƙarfi. Sikirin ɗinta AMOLED ne, baƙi ya fito baƙi ƙirin, ja ya fito ja. Babbar kyamararta tana da abin da ke riƙe ruwan tabaron idan hannu ya yi rawa, shi ya sa hoton cikin ɗaki ba ya yin dishi-dishi. Injinta Snapdragon 720G ne, sifika biyu gare ta, an yi ta da kariyar ruwa da ƙura. Yawancin sababbin da za ki samu a wannan kuɗi sikirin ɗinsu LCD ne, kuma kada lambar megafiksel da ake bugawa a jikin kwali ta ruɗe ki. Kyamara 50 a ƙaramar waya ba ta kama ƙafar ta A52 idan haske ya yi ƙaranci, kuma ke na san yawancin hotunanki a falo kike ɗauka.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Ki jera A52 guda uku a kan teburina, suna ɗaya, kala ɗaya, wallahi ba waya ɗaya ba ce. Ɗaya tana nan yadda kamfani ya haɗa ta. Ɗaya an canza mata sikirin an sa kofi, wato wanda ba na kamfanin ba. Ɗaya ta sha ruwa an busar da fanel ɗinta an mayar. Saboda haka ba sunan wayar za ki saya ba, wannan ƙwaya ɗayar da ke gabanki za ki saya, da duk abin da ya taɓa samun ta.

Maman Iman: Na gode Injiniya. To amma ai an ce 'yar Landan ce, ba a nan aka yi amfani da ita ba.

Injiniya: Hajiya, wannan suna ne kawai na kasuwa. Duk wayar da aka shigo da ita hannu na biyu ana ce mata haka, ko daga Dubai ta biyo, ko Amurka, ko Chaina. Wasu ma can ake canza musu baya da sikirin su fito fes kafin a ɗauro su. Wata kuma a nan garin aka gama cin moriyarta, aka goge ta da kyau aka sa mata leda. Bayan A52 roba ne, canza shi ba ya ɗaukar minti goma. Ni in na ga waya mai shekara huɗu babu ko ƙwarzane ɗaya a jikinta, sai in ƙara buɗe ido. Mai ɗan tabo a kusurwa ta fi kwanta min.

Ɗan Samaru: Ina neman afuwar manya, akwai abin da ba a taɓo ba. A52 da Android 11 ta zo, Samsung ya ba ta sabuntawa uku, ta tsaya a 14. Alkawarin gyaran tsaro kuma na shekara huɗu ne, daga 2021 ke nan ya cika. Anti, ke da kuɗin mutane ke shigowa wayarki, ga manhajar banki, ga alat, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In dai sai kin sayi hannu na biyu, ki ƙara haƙuri ki nemi A53 ta 2022 ko A54 ta 2023. Su an yi musu alkawarin sabuntawa huɗu da tsaro na shekara biyar.

Injiniya: Ƙanina, lissafinka daidai ne, ban musa ba. Amma A54 ba ta shiga kuɗinta ba. A53 kuma an cire mata ramin iyafis, kuma a hannu ban ga ta fi A52 santsi ba. In za a haura, A52s ce abin nema, mai Snapdragon 778G, ita kam ta fi su gudu. Maganar manhaja kuwa, Android 14 ba tsoho ba ne. WhatsApp har waya mai Android 5 ya daɗe yana ɗauka.

Ɗan Samaru: Injiniya, manhaja ta buɗe daban, waya ta zama a tsare daban. Ƙofa tana iya buɗuwa ta rufu lafiya amma sakatarta ta lalace. In an gano wata kafa a cikin tsarin wayar bana, masu sababbi za a toshe musu, ita kuwa ba mai waiwayarta.

Injiniya: Haka ne. Sai dai ka tambayi su ƙananan sababbin da ake cewa ta saya, sabuntawa nawa ake ba su? Da yawa ɗaya ne ko biyu, wasu a kan wanda suka zo da shi suke tsufa. Kuma duk waɗanda suke zuwa shagona suna kuka an kwashe musu kuɗi, ban taɓa samun wanda ta wannan kafar aka shigar masa ba. Ko dai an kira shi ya karanta lambar da banki ya turo, ko an sace wayar babu makulli a kan layin, ko ya sauke wata manhaja daga wani mahaɗi da aka turo masa. Wani ɓangaren tsaron ma Google ne ke sabunta shi kai tsaye ta Play Store, ba sai ya jira kamfanin waya ba.

Ɗan Samaru: Na yarda da wannan. Amma dai a gaya mata gaskiya, wayar shekara biyu za ta saya, ba ta shekara biyar ba. Kuma Anti, don Allah ki sa wa layinki lambar sirri, ki rabu da WhatsApp ɗin nan na jabu da ake turawa mutane, ko wace waya kika saya.

Maman Iman: In ta yi min shekara biyu lafiya ai alhamdu lillahi, kafin nan wani adashin ya zagayo.

Kawu Direba: 'Yata, duk maganar da suke yi ta inji da sikirin ban san ta ba. Abu ɗaya na sani, kuma da jikina na san shi.

Shekara biyu da suka wuce ina tasha ina jiran lodi, wani yaro ya zo da waya, ya ce mahaifiyarsa ce ba lafiya, kuɗin magani yake nema. Waya mai kyau, ya faɗi kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba. Zuciyata ta ɗan yi min wani iri, amma na ce ai taimako ne, kuma ga araha. Na biya, na sa layina. Kwana goma sha tara ina amfani da ita. Ranar na ashirin ina cin abinci a bakin tasha sai ga mutum uku cikin farin kaya, suka kira lambata, wayar ta yi ƙara a aljihuna. A gaban yaran motata aka sa ni a mota.

Kwana biyu na yi a tsare. Aka ce in kawo wanda ya sayar min. Ina zan gan shi? Ko sunansa ban tambaya ba. Sai da shugabannin tasharmu suka zo suka tsaya min, aka karɓe wayar, kuɗina ya bi ruwa, ga abin da aka kashe wajen zirga-zirga. Amma duk wannan bai tsaya min a rai ba kamar ganin mai wayar. Ɗalibi ne, sa'an ɗana na biyu. Da ya miƙo hannu zai karɓa sai na ga ɗinki tun daga tafin hannunsa har wuyan hannu, inda suka sare shi da ya ƙi saki. Yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Na kasa haɗa ido da shi. Kuɗina ne ya biya wanda ya yi masa haka.

Saboda haka 'yata, kafin ki tambayi lafiyar waya, ki tambayi daga ina ta fito.

Anti Mai Turare: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya kiyaye gaba, Kawu.

Abban Khalil: Kun ji ko? Kuma ba a Kawu kaɗai ya tsaya ba. Ƙwacen waya ya kai inda a 2023 gwamnatin Kano ta ce za a riƙa ɗaukarsa a matsayin fashi da makami. Karɓar kayan sata kuma laifi ne mai zaman kansa a doka. Duk mai sayen wayar da bai san asalinta ba, shi ne kasuwar yaran nan. Ba don ana saye ba, da ba a ƙwata.

Injiniya: Kawu, Allah ya mayar da alheri. Abban Khalil, a nan ba mu da saɓani ko kaɗan. Amma ba duk hannu na biyu ce ta sata ba. Akwai masu shago da suke sauke kaya kwali-kwali da takardunsu, akwai wanda ya gaji da tasa ya kawo ya yi ciko ya ɗauki wata. Abin da zai raba ki da bala'i shi ne ki saya a shago mai lamba, wanda gobe in kin dawo za ki tarar da shi, ba wanda zai tare ki a bakin ƙofa ya ce Hajiya me ake nema ba. A rubuta miki rasit mai sunan shagon da lambar wayarsa, kuma a rubuta IMEI, wato lambar shaidar wayar, a ciki. Ki danna *#06# da hannunki, lamba 15 za ta fito, mai layi biyu za ta nuna guda biyu. Ki karanta ki gwada da abin da aka rubuta, ɗaya bayan ɗaya. Rasit ɗin da aka rubuta "Samsung guda ɗaya" kawai, takardar ƙosai ce.

Maman Iman: Jikina ya yi sanyi da labarin Kawu. To ga matsalata. Wannan yaron abokin ƙanina ne, tare suka taso, har gidanmu yana zuwa cin abinci. Ba shi da shago, a hannu yake saye ya sayar. Yaya zan dube shi in ce ya rubuta min takarda? Sai ya ga kamar ɓarawo na ɗauke shi. Kuma mahaifiyarsa ƙawar Hajiyarmu ce.

Malam Na Ƙofar Mata: Maman Iman, ki cire wannan kunyar, ba a wurinta take ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma a cikinta aka ce ku kafa shaida idan kun yi ciniki. Da sahabbai aka fara wannan magana, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Rubutu ba zargi ba ne. Shi kansa yaron kariya ce gare shi, domin in wayar ta zo da magana, takardar ce za ta nuna shi ma daga wani ya karɓa.

Sannan wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani. Hadisin nan na mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya sa busasshe a sama sananne ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Sikirin ɗin da aka canza aka yi shiru, jiƙaƙƙen hatsi ne. Idan kin gano aibin da aka ɓoye miki bayan ciniki, kina da haƙƙin mayarwa. Amma zumunci ya fi lalacewa wajen mayarwa fiye da wajen tambaya. Ki yi tambayarki tun kuɗi yana jakarki.

Maman Iman: Allah ya saka da alheri Malam. Wannan ta shige ni.

Anti Mai Turare: Bari in ƙara da abin da ya sami ƙanwata, shi ya sa na tsorata. Ta sayi waya a hannun wata maƙwabciyarta, ba ta sata ba ce, tata ce. Ashe irin ta biya-a-hankali ce, ba ta gama biya ba. Sati biyu wayar ta kulle kanta, ba abin da ke fitowa sai saƙon a biya kuɗi. Maƙwabciyar kuma ta yi tafiya. Har yau wayar tana cikin durowa.

Injiniya: Wannan yana yawa yanzu, Anti. Maganinsa da na makullin Google, wanda ke ɗaure waya da imel ɗin mai ita na da, duk ɗaya ne. A goge wayar gaba ɗaya a gabanki, ta tashi kamar sabuwa, a haɗa ta da intanet, ki sa imel ɗinki da kanki har ta kai ki ciki. In ta tsaya tana neman imel ɗin mai ita na da, ko ta nuna tana ƙarƙashin wani kamfani, ki ajiye musu abarsu. Kada ki yarda da "bari a kai ta a yi mata falashin, minti biyar ne". Mai waya na gaskiya ya san imel ɗinsa.

Tunda Asabar za ki shiga, ga abin da za ki yi. Ki tafi da safe, kada ki bari sai yamma lokacin da kowa ke sauri. Ki riƙe layinki, da cajarki, da iyafis, da memori in kina da shi. Ki fara da sikirin, domin shi ne rabin kuɗin wayar. Ki danna *#0*#, wani allo zai fito mai akwatuna, ki taɓa ja, kore, shuɗi, ki duba ko akwai ɗigo ko layi ko inuwar rubutu. A nan za ki gwada taɓawa, ki ja yatsa ko'ina har gefe-gefe. Sai ki buɗe hoto baƙi ki rufe wayar da mayafinki ki leƙa. In orijina ne, baƙin zai zama kamar an kashe wayar. In kin ga yana haske toka-toka, LCD aka sa mata. Sannan ki yi rajistar yatsanki. Ita A52 a cikin sikirin take karanta yatsa, kuma kofi mai araha ba ya bari ta karanta. Akwai kofi mai tsada da yake karantawa, don haka ba hujja ce ta ƙarshe ba, amma in ta ƙi, magana ta ƙare.

Ki zare tiren sim ki haska cikin ramin da tocila. Akwai 'yar takarda a ciki, fara ce, in ruwa ya taɓa shiga sai ta koma ja ko ruwan hoda. Ki bi gefen bayan da farce, in kin ji gam ya fito ko wani gefe ya ɗaga, an taɓa buɗe ta, ko batir ya fara kumbura. Kuma duk wadda aka taɓa buɗewa, ki manta da maganar kariyar ruwa.

Ki duba lambar samfurin a cikin saiti. SM-A525F ita ce ta kasuwarmu. Wadda ta ƙare da U ta Amurka ce, yawanci layi ɗaya take ci, wata ma a kulle take da kamfanin layin can. Ki sa layinki a kowane rami, ki yi kira, ki ji ki kuma tabbatar ana jin ki, ki kunna data ki ga 4G ta hau. Kada ki karɓi ƙasa da 128 na ma'aji, ke mai tara hotuna, ram kuma in kin samu 6 ya fi.

Batir shi ne abin da ba makawa ya gaji. 4500 ne a rubuce, amma batirin waya yana fara ja da baya bayan an yi masa caji ɗari biyar ko makamancin haka, balle wanda ya sha zafin Maris da Afrilu. A cikin Samsung Members akwai wurin gwajin batir, zai nuna miki ko yana lafiya ko ya yi rauni. Ki kunna bidiyo minti goma ki ga nawa ya sauka, ki taɓa bayan ki ji zafi. Ni shawarata, kada ki ƙarar da 170 ɗin a kan wayar. Ki rage na sabon batir tun daga wajen tayi.

Abban Khalil: Injiniya, ka duba tsawon abin da ka rubuta. Wannan duk sai mace mai sayar da atamfa ta yi shi a tsaye a cikin cunkoson kasuwa, mai shago yana tsaye a kanta yana cewa yi sauri? Kai kanka ka kawo hujjata. Sabuwa kuwa a yage leda a miƙo mata.

Injiniya: Ban ƙi taka ba. Wanda ba shi da mai duba masa, kuma ba zai iya tsayawa ya duba ba, ya sayi sabuwa, na faɗa da babbar murya. Cinikin biri a sama ba na mai kuɗin adashi ba ne. Amma mai shagon da ya hana ki minti talatin ki duba kayan dubu ɗari da wani abu, ya riga ya ba ki amsa. Kuma ledar ma ana sake naɗa ta, sai a sayi sabuwar a wajen dila na gaskiya.

Ɗan Samaru: Anti, ki tafi da leshin nan da aka dawo miki da shi. Ki ɗauke shi hoto da kowace waya a cikin shagon, sabuwa da tsohuwa, ki tura wa wayar ƙaninki ki gani. Shi ne alƙalin.

Maman Iman: Kai, wannan dabara ta yi. Zan yanko ƙyalle in sa a jaka. Na kwafe duk abin da Injiniya ya rubuta a takarda. Ku sa ni a addu'a.

Kawu Direba: Allah ya haɗa ki da ta halal.

Maman Iman: Assalamu alaikum, na dawo, ga yadda aka yi.

Mun fara haɗuwa da abokin ƙanina. Wayar kyakkyawa, shuɗiya, ba tabo ko ɗaya. Na yi bismilla na fara bin takardata. Da na rufe ta da mayafi na leƙa, sai na ga baƙin yana haske kamar sararin sama kafin asuba. Na sa yatsa, sau shida tana cewa in sake. Na ɗago na dube shi, na ce ƙanina an taɓa canza mata sikirin? Ya yi shiru, sannan ya ce wallahi Yaya haka ya karɓo ta, bai duba ba. Na yarda da shi, domin na ga yadda fuskarsa ta canza, nan take ya fara kiran wanda ya ba shi. Na ce ba komai, Allah ya kawo wani cinikin. Mun rabu lafiya, har ya raka mu cikin kasuwa.

Shago huɗu muka shiga. Na gwada sababbi biyu da ƙyallena. Ɗaya ta mayar da jan kamar ruwan goro, ɗaya ta fito da kalar kusa amma zanen leshin ya cakuɗe, ba a ganin ramukan. A shago na huɗu na samu A52 baƙa, 128, ram 6, layi biyu, lambarta ta ƙare da F. Tana da ƙwarzane a kusurwar ƙasa, fentin wajen caji ya ɗan goge. Yatsa ta karɓa a karo na farko. Takardar cikin ramin sim fara tas. Da na ɗauki ƙyallen na tura wa ƙanina, ja ya fito ja, har zaren da ya zare a bakin yankan ana gani. Na tsaya ina kallon hoton na kasa magana.

Mai shagon da kansa ya ce min batirin ya yi rauni, tun kafin in gwada. Ya ce 175, na taya 150, ya ce albarka, muka yi ta ja har ya sallama a 158. An goge ta a gabana na sa imel ɗina. Ya rubuta rasit da IMEI biyun, na karanta su da ƙarfi ƙanina yana dubawa. Ya ba ni sati guda, in ta nuna wata matsala ban da faɗuwa ko ruwa in dawo da ita.

Abu ɗaya ne na gani sai da na zo gida. In na buɗe farin shafi, can ƙasa akwai inuwa siririya kamar ta madannan rubutu, sai an ƙura ido ake gani. Injiniya, in mayar?

Injiniya: Ma sha Allah Hajiya, kin yi ƙoƙari. Wannan inuwar tabon AMOLED ce, mai ita na da ya daɗe yana rubutu da haske a ƙure. Ita kanta shaida ce cewa sikirin ɗin ya daɗe a jikinta. Ba ta gogewa, amma ba ta saurin ƙaruwa in kin rage haske kika sa wayar a yanayin duhu. In ba ta shiga cikin hotunanki ba, kuma ba za ta shiga ba tunda a gilashi take ba a kyamara ba, ni ba zan mayar saboda ita ba. Amma ki kira shi yau ki gaya masa kin gani, don ya zama da saninsa. Kuma kada ki canza batir sai satin nan ya cika, in an buɗe ta zai ce ba ruwansa. Ki wahalar da ita a kwana bakwai ɗin nan: kira mai tsawo, bidiyo, caji daga ƙasa har ya cika, ki lura ko tana kashe kanta ko sabis yana ɗaukewa.

Abban Khalil: Allah ya sanya alheri Hajiya, ya sa a kashe lafiya. Ni dai ina nan kan bakana, kuma dubu 12 da ta rage ba lallai ta ishi batir mai kyau da kuɗin aiki ba, kada a sa miki na banza ya kumbura. Ki dawo ki ba mu labari bayan zafin bana.

Maman Iman: Amin, na gode. In bai isa ba zan cika daga cinikin sati, ba zan sa mai araha ba. Kuma zan dawo in faɗa, ko daɗi ko akasinsa.

Kawu Direba: 'Yata, rasit ɗin fa? Kada ki bar shi a cikin jaka.

Maman Iman: Yana cikin akwatin takardu, Kawu, tare da takardun haihuwar yara. Na kuma ɗauki hotonsa na tura wa maigida da ƙanina.